Salansar Mai Tari

Yanzu duk baburan garin nan murya ɗaya gare su. Na fi lura da haka da yamma, in na fito da kujera ƙofar gida ina jiran magariba. Masu kai saƙo da akwati a baya, 'yan acaba masu bin lungu don gudun kamu, duk ƙara ɗaya suke yi, siririya kamar ta injin markaɗe. Ko uwar da ta haifi yaro ba za ta ce ga ɗanta nan tafe ba sai ta ga fuskarsa. A zamanin samartakarmu ba haka abin yake ba. Babur yana da murya kamar mutum, mace kuma takan ɗora ruwan wanka tun mijinta yana kan kwalta, don ta riga ta ji shi. Shi ya sa kwanan baya da na bi ta Jabi na tarar an sare ɗorawar da muke taruwa a gindinta, an kafa wani bene mai gilashi ana sayar da wayoyi, sai na kasa wucewa. Na tsaya ina kallon wurin har mai gadi ya taso ya ce, "Baba, wani kake nema?" Na ce masa a'a, na yi gaba, amma tun daga ranar abin yake ta dawo mini.

Lokacin da nake magana a kai, rabin Abuja jar ƙasa ce da ciyawa. Mu samari ne da aka kwaso daga ko'ina, wasu aikin gwamnati ya kawo su, wasu neman abinci. Abin da ya haɗa mu tsofaffin babura ne, irin waɗanda malaman gona da duba-gari suka yi yayi tun ba a haifi wasunmu ba. Wani gadon ubansa ne, wani kuma a bayan asibitin mishan ya tsinci nasa kaji na kwana a kai. Nauyi gare su kamar jaki, ga ɗigar baƙin mai, ga taurin kai da safe, amma in suka tashi har a ƙirjinka kake jin su. Kayan gyaransu kuwa babu. Ka shiga kasuwar Wuse ka nuna wa mai shago abin da ya karye, sai ya jujjuya shi a hannu ya yi dariya ya ce, "Oga, wannan ai sai 'yan gwangwan." To da muka ga haka sai muka zama shagon junanmu. Duk Asabar muna gindin ɗorawar nan a bayan tasha, kowa da buhun tarkacensa, abin da ya yi wa wani yawa shi ne wani yake nema ido rufe.

Har yanzu ina jin warin wurin. Fetur a gwangwanin madara ana wanke kabireta da gashin kaza, kwali ana yankawa a shimfiɗa wa murfin inji, sifana tana faɗawa kan dutse, wani yana tsaki yana lalube a cikin yashi don noti ya gudu. Da toka da yashi muke wanke hannu, mu ci gasasshiyar masara da yatsun da ba su gama fita ba. In azahar ta yi, Kiristocinmu su tsare mana kaya. Ran Lahadi kuma in na ɗayansu ya kwana a buɗe, kafin ya taso daga coci mun rufe masa. Yaran yanzu in babur ya yi musu gardama sai su duba waya, bakanike ya cire abu ya jefar ya sa sabo, babu wanda ya san sunan wani. Mu kuwa ba ka isa ka kwance injinka kai kaɗai ba, sai a ce rowar wahala kake yi.

Mutum ɗaya ne babba a cikinmu, tsohon direban ma'aikatar ayyuka, kowa Dattijo yake ce masa. Ba ya yawan magana, kuma in ya faɗa ta zauna. Shi ne yake cewa ba a barin mutum a hanya ko da ba ku ga-maciji, in kun kai gida ku ci gaba da gabarku. Shi ne kuma ya kafa mana al'adar rabo. In ɗayanmu ya riga mu gidan gaskiya, iyalinsa kuma ba su da mai hawa, sai su ba mu babur ɗin mu warware shi, kowa ya ɗauki abin da nasa yake bukata. Wani taya, wani sarƙa, wani fitila. Abu ɗaya ne ba a rabawa, salansa, bututun nan da hayaƙi ke fita ta cikinsa, don a nan muryar babur take. Dattijo ya ce iyalin mutum sun yi shekaru suna sauraron wannan ƙarar da yamma, bai kamata su ji ta a ƙarƙashin wani ba. Sai a ɗaure ta da waya a rataye a wani reshe na ɗorawar. A hankali suka taru a can sama, sun yi tsatsa, suna lilo. In hadari ya taso iska ta bi ta cikinsu, sai ka ji wani gunji ƙasa-ƙasa kamar maza na hira a bayan ɗaki. Mukan yi wa abin ba'a, amma ban taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin reshen nan ba.

A cikinmu akwai wanda muke kira Mai Tari, mutumin Filato ne, yana aikin famfo, gidansa a Masaka. Ya ɗan girme ni. Ya taɓa faɗawa kwalbati, salansarsa ta lotsa aka yi mata walda, tun daga nan in ya sassauta mai sai babur ɗin ya yi wani tari kamar tsoho ya sha kunu da zafi. An yi an yi ya gyara, ya ce matarsa ta saba. Babur ɗinsa da nawa iri ɗaya ne, kamfani ɗaya, shi ya sa kusan komai tare muke yi. Akawu yake ce mini, don a ofis nake aiki, kuma kullum sai ya ƙwace sifanar daga hannuna ya ce, "Kawo nan, hannun biro ba ya ɗaure noti." Ina son mutumin nan sosai. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kafin mu gama shirin zuwa dubiya sai labarin rasuwarsa muka ji. Muka je aka binne shi, bayan kwanaki aka ba mu babur, muka yi rabo, salansar ta hau reshe.

Ba a daɗe ba, wata Asabar sai ga babbar 'yarsa a gindin ɗorawa, cikin baƙaƙen kaya. Ɗinki take yi a Masaka, ita ke riƙe da uwar. Ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya wajen Dattijo. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk "ya" ne.

"Baba, Mama ya ƙi abinci," in ji ta.

Muka ajiye abin da ke hannunmu. Ta ce ciwon suga ya daɗe da cinye idon uwar, kuma tun da aka yi aurensu ba ta taɓa cin tuwon dare ba sai ta ji babur ɗin mijinta a ƙofar gida. Ranar binne shi an kai ta bakin kabari, ta taɓa akwatin da hannunta, amma da aka dawo sai ta koma bakin ƙofar ɗakinta ta zauna tana saurare. In an kawo abinci sai ta ce a rufe, bai dawo ba tukuna. Fasto ya zo, dangi sun zo, likita ya ce maganinta ba a shansa da yunwa. Ɗan kokon safe kawai ake ɗura mata, ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta.

"Abin da nake roƙo," ta ce, ta ɗaga kai ta dubi reshen, "a sa wancan a wani mashin, a wuce ta ƙofar gida. Ya ji kawai. Ni zan san abin da zan gaya masa."

Dattijo ya girgiza kai. "'Yata, wannan yaudara ce. Ba don tsoron matattu muke rataye su ba, masu rai muke ji wa."

Akwai wani tela a cikinmu, mazaunin Mararaba, mai saurin baki. Ya ce, "To ai mai ran ce za ta mutu, Dattijo."

"Ba da kai nake ba."

Yarinyar ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da abin ya fi sauƙi. Cewa ta yi, "Baba, na binne ɗaya. Ba na so in binne biyu a damina ɗaya."

Dattijo ya ɗaga kai ya dubi reshen. Can sai ya ce a jingina masa babur a jikin bishiya, ya taka ya hau da tsufansa, ya kwance wayar da hannunsa. Da ya sauko da salansar ni ya miƙa wa, don nawa ne kaɗai bakinsa zai karɓa. Ya ce sharaɗi ɗaya ne: in na isa ƙofar gidan in sassauta, babur ya yi tarinsa, in wuce. Kada in kuskura in kashe inji. In na kashe, za ta jira shigowar mutum, kuma ba mu da mutumin da za mu ba ta.

Ranar duk wanda ke wurin ya bar nasa gyaran ya dawo kan nawa. Aka cire salansata, aka rasa inda za a ajiye ta, sai wani ya rataye ta a gurbin da ya zama babu kowa, cikin na mamata. Abin bai yi mini daɗi ba, amma na ci gaba da aiki kada a yi mini dariya. Da aka ɗaura ta Mai Tari na tayar, ƙarar ta yi kama, sai dai ba ita ba ce. Ashe rabin muryar a hannun mai shi take. Nan fa kowa ya shiga tuno yadda marigayin yake tuƙi. Wani ya ce ba ya sakin mai gaba ɗaya, a hankali yake saki. Tela ya ce yakan sauke giya tun kafin ya sha kwana. Wani ya ce ai kabiretarsa tana shan mai fiye da tawa, aka sake juya ta. Dattijo ya koma bayan ɗorawa ya ba mu baya ya rufe ido, ni kuma ina ta kai da kawowa a kan jar ƙasa, yana ɗaga hannu yana cewa ba shi ba ne. Rana ta yi sanyi, na gaji, hankalina ma ba ya kan abin, sai na sassauta kawai, babur ya yi tari. Na ga Dattijo ya juyo da sauri kamar an kira sunansa, bakinsa a buɗe zai yi gaisuwa, sai ya ga ni ne. Ya share fuska ya ce, "Tafi."

Bayan la'asar na shiga layinsu a Masaka. Wata mai tuyar ƙosai a bakin hanya ta miƙe tsaye da matsami a hannu, yara suka bar ƙwallo. Na sassauta a ƙofar gidan, babur ya yi abinsa, kuma ta saman katanga na ji muryar tsohuwar sarai tana cewa, "To, ga shi nan. Kawo tuwon." Na wuce ban kashe ba. Daga baya 'yar ta gaya mini abin da ta ce wa uwar: wai an ba shi aikin kwana a wajen famfo, yana biyowa ne kawai don ta san lafiya yake, ya ce ta ci. Ta kuwa ci.

Ni da na zaci abin na mako ɗaya ne, sai ya zama aikina. A Nyanya nake zaune lokacin, in na tashi daga ofis sai in zarce Masaka in juyo. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta kama. Tsohuwa ta yi ƙiba, har tana fita coci. Amma ni ban ƙara jin daɗin babur ɗin nan ba. Masu faci a hanya suna ɗaga mini hannu da sunan marigayi, sai na matso su sauke hannun. Karen gidan marigayin yakan biyo ni yana kaɗa wutsiya har bakin kwalta, ya tsaya yana kallona. Matata ta daina taryata a ƙofa, ta ce duk sanda ta ji ƙarar nan sai tsigar jikinta ta tashi. Akwai ranar da na so in tsaya Mararaba sayen lemo, ban farga ba sai ga ni a kwanar gidansu, ban san yadda na yi tafiyar ba. Ni Musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma na san gajiya tana sa mutum abubuwa. Duk da haka nakan yi addu'a kafin in shiga layin nan.

Tafiyar yau da gobe ta ci babur ɗin. A nan ne na san ko su wane ne abokaina. Sarƙata ta tsinke, wani ya cire tasa ya koma hawa bas. Kulocina ya ƙone, tela ya ba ni nasa na ajiya da yake ɓoyo kamar zinariya. Duk wanda ya sami wani abu a rabon Mai Tari sai da ya dawo da shi, ɗaya bayan ɗaya, har wata rana na duba na ga fitilar tasa ce, tayar baya tasa ce, sirdin ma nasa ne. Ban san ko nawa ya rage nawa a jikin babur ɗin ba. Babu wanda ya taɓa cewa ya gaji. In na makara, sai a tarar da wani ya biyo hanya da kayan aiki yana duba gefen titi.

Sai wata Asabar inji ya fara ƙara marar daɗi, muka buɗe shi da safe da niyyar rufewa kafin azahar. Wajen mayarwa ringin fistin ya karye a hannunmu, kuma babu wani a duk buhunanmu. Muka zazzage komai a ƙasa, babu. Hadari ya haɗu, na saman reshe suka fara gunjinsu. Dattijo ya dubi sama ya ce in kwance salansar in kai Mararaba, tela bai zo ba ranar, wataƙila a dabarta ta a nasa. Na sa ta a buhu, ƙarfe mai sanyi da bai ga wuta ba tun safe, na shiga bas. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, hanyar Keffi ta cushe. Da ƙyar na kai wajen tela. Muka yi ta fama a rumfarsa, mu naɗa gwangwani, mu ɗaure da waya, bakin ya ƙi haɗuwa. Da na ga rana za ta faɗi sai na ce bari in ƙarasa da ƙafata in ba yarinyar haƙuri, ta san ƙaryar da za ta yi yau.

Ana shirin kiran magariba na isa, a jiƙe, buhu a kafaɗa. Ruwa ya tsagaita. Mai ƙosai ta dube ni ta dubi bayana, ba ta amsa gaisuwata ba. Yarinyar tana tsaye a ƙofar gida ta harɗe hannu, ranta a ɓace. Ban buɗe baki ba ta riga ni.

"Baba, ba mun yi da kai ba za ka kashe ba?"

Na ce, "Kashe me?"

"Mashin mana. Ka zo ana ruwa, ka yi tari a nan, ka kashe. Duk gidan nan mun ji. Na fito da gudu ban ga kowa ba. Ina ka ajiye shi?"

Na ce mata babur yana Jabi, cikinsa a buɗe. Na sauke buhun a gabanta, bakin salansar ya leƙo. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta dafa bango. A nan ne na ji muryar tsohuwar daga ɗaki. Hira take yi da yarensu, a sake, ta yi magana ta dakata kamar mai sauraron amsa, sannan ta yi dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar. Yarinyar ta ce da raɗa tun ɗazu take haka, ta cinye tuwonta tas, har ta sa an kawo ruwan wanke hannu a kwano biyu.

Sai hirar ta tsaya. Tsohuwar ta ɗaga murya da Hausa ta ce, "Wane ne a waje?"

"Abokin Baba ne, Mama."

"Akawu ne?"

Kafin yammacin nan ban taɓa yin magana a ƙofar gidan nan ba tun ranar jana'iza. Yarinyar ta ce e, shi ne.

"Ki ce masa mun gode. Ya sha wahala da mu. Ya je ya huta haka nan, ba sai ya sake zuwa ba."

Na ɗauki buhuna ta bakin igiya na juya. Tun daga Masaka har Nyanya yana ƙasa tsakanin ƙafafuna a cikin bas, ban yarda tafin hannuna ya taɓa ƙarfen ba, don ban san abin da zan ji ba kuma ba na so in sani. Washegari da hantsi aka aiko cewa ta rasu cikin barcinta.

Na gaya wa Dattijo komai. Bai ce ga abin da ya faru ba, ni ma har yau ban ce ba. Ya karɓi salansar ya mayar da ita reshenta. Ranar da za a binne ta duk muka tafi, wanda nasa ba ya tashi aka goya shi, ni a bayan tela. Da muka kai inda kwalta ta ƙare, Dattijo ya ɗaga hannu. Muka kashe baburan gaba ɗaya, muka sauka, muka tura su da hannu cikin taɓo har ƙofar gidan, don kada wani a ciki ya sake ɗaga kai ya saurara.